Hatsin da Ba a Dakawa

Yamai, Talladjé, farkon Maris 1985

Zuwa ga taubashina Mamman na Illela, ɓarawon furar gidanmu,

Bayan sallama, ina gaishe ka, ina gaida matarka Asma'u da yara. Ya ƙafar nan taka? Hamidu direban albasa ya ce har yanzu kana ɗingishi. Na ce masa ba ciwo ba ne, lalaci ne, tun muna yara a Ƙonni haka kake yi in an ce a tafi gona. Ya ce wace irin gaisuwa ce wannan, na ce kakana da kakarka wa da ƙanwa ne, zagin nan gadonsa muka yi, ya ja motarsa ya bar mu.

Mu nan da sauƙi, sai abin da ya dami kowa. Kogi ya janye, har yara na wasa inda jirage ke wucewa da. Mutanen arewa sun cika gari, dabbobinsu sun ƙare. Ina zaune bakin kayana a kasuwar Petit Marché, mace za ta tsaya tana kallon kwandon albasa, ba ta roƙo, ba ta tafiya. Wallahi kallon nan ya fi roƙo ciwo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san ƙungiyarmu ta mata, masu lambu a Yantala da gonaki bayan gari. Bara kowa ta cinye irinta, bana ba mu da ƙwaya guda ta shukawa. To, wata ƙungiyar Turawa ta zo da tallafi, amma da sharaɗi: sai an haɗa hannu biyu, ɗaya a Nijar, ɗaya a ƙetaren iyaka, masu sana'ar noma ko abinci. Madam ɗin da ke riƙe da furojen, wato aikin tallafin, ta ce ko na san wani a Najeriya mai irin hatsi mai saurin nuna. Na ce na san wani malalaci, amma irinsa na da kyau. Su za su biya ka buhu goma da rabi, mu kuma mu ba mutanenka irin albasa da kaka. In abin ya yi kyau bana, baɗi su ƙara.

Na san iyaka a rufe take. Madam ta ce takardar izini na nan fitowa daga buro, wato ofis, mu kwantar da hankali.

Abu guda, Mamman. Wasiƙarka za ta bi ta hannun jandarmomi a kowace bariyar, wato shingen hanya, kuma suna buɗewa. Kada ka rubuta komai kan gwamnati, ko taku ko tamu. Nan ko a gidan suna mutum sai ya waiga kafin ya ce hatsi ya yi tsada.

Taubashiyarka, uwar ɗakinka,
Tabawa

Illela, ƙarshen Afirilu 1985

Zuwa ga Tabawa mai ƙaton ciki,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa ta yi sauƙi, ba don addu'arki ba. Asma'u na gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga zanen da kika yi mata alkawari tun sunan Sani ba, ga Sani har ya shiga makaranta.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Mutumin Turawanku ya zo ta Sakkwato, mun zauna, na sa hannu, ya ga irin ya yaba. Iri ne na kirki, Tabawa, ba yabon kai ba. In ruwa ya sauka ya ba shi wata biyu da 'yan kwanaki, kin ga zangarniya. Na yi ta jiran takardar izinin nan, kullum in je ofishin kwastan su ce ba su ga komai ba. Ni kuma na duba sama na ga ba za ta jira takarda ba. In ruwan fari ya sauka iri yana Illela, aikin banza muka yi.

Saboda haka na yi abin da kowa ke yi. Wani mai raƙuma zai kai shi Ƙonni ta daji, Hamidu ya ɗora ƙarƙashin albasa. Buhunan asali suna da rubutu da tambari, daga nesa za a gane na Najeriya ne, shi ya sa na juye shi cikin tsofaffin buhunan albasa. Wannan wasiƙa a hannun Hamidu take, shi ya san inda yake ɓoyewa.

Kada ki raba wa matanki sai ranar da ruwa ya sauka. In kin ba su yau, gobe yana tukunya.

Kuma ke, na san halinki da hatsi. Na barbaɗe shi da magani saboda gara da ɓeraye da ke. In kika kuskura kika yi tuwo da shi, sai dai in zo Yamai zaman makoki, ni kuwa ba ni da takalmin tafiya. Na gaya miki.

Ubangidanki,
Mamman

Yamai, farkon Mayu 1985

Mamman maƙaryaci,

Ina gaisuwa. Ka ce wa Asma'u zanenta na nan, ta zo ta ɗauka in sojanku sun bar ta.

Kaya sun iso lafiya, Allah ya saka. Na kwance buhu guda na zuba a tafin hannu, ƙwaya cike, sai da hawaye ya zo mini. Na daɗe ban ga hatsi irin wannan ba.

Maganinka kuma na gani, na yi dariya har Hamidu ya ce lafiya. Toka ce ka zuba, irin wadda kaka ke sa wa rumbu, ka zo kana ba ni tsoro. Ka manta ni ma 'yar manomi ce? Maganin iri ja ne wur, a ƙaramar leda ake sayar da shi, ranar shuka ake gaurayawa, hannu ma sai ya yi kwana biyu da ja. Wannan kuwa fari-fari ne kamar ƙurar murhu. Haka ka yi mini muna yara, ka ce an sa maganin ɓera a dakuwar kaka, na ajiye tawa ina kuka, ka zagaya bayan ɗaki ka cinye. Sau ɗaya ake yi mini wannan.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba dariya. Madam ta tafi ƙasarsu haihuwa, wanda zai riƙe mata bai iso ba, takardar izini kuma ba wanda ya san inda ta maƙale. Ke nan ni ce da buhunan hatsi a ɗakina, a wannan shekara, ba takarda ko ɗaya. An ce duk wanda aka kama ya ɓoye abinci, ba alƙali, soja ne ke zuwa. Makon jiya sun tafi da wani ɗan kasuwa a unguwarmu, matansa har yau ba su san inda yake ba. Na lulluɓe buhunan da tabarmi, na jera kwanuka a kai. Amma ranar da aka sauke, rabin unguwa na tsaye. Akwai wani mai baƙin tabarau da ya fara zama teburin mai shayi na ƙofar gidana. Ba ɗan unguwa ba ne, kuma kofi ɗaya yake sha tun safe har azahar.

Ga kuma baƙi na yi. Zeinabu, 'yar wan marigayi mijina, ta iso daga Abalak da yara uku. Mijinta ya bi sauran shanu kudu, ba labari. Ƙaramar, Kadi, in ka ga wuyanta sai ka kau da kai. A ɗakin buhunan suke kwana, don ba ni da wani. Jiya na tarar da Kadi ta kwantar da kunci a jikin buhu tana shinshina.

Ban taɓa ko ƙwaya ba, amana ce. Ina da sauran masara da na saya. Amma ba zan ɓoye maka ba, in ta ƙare ruwa bai zo ba, zan ɗebi tiya biyu in daka wa yaran nan, in wanke tokarka in zubar. Matan ƙungiya za su yafe mini.

Tabawa

Illela, tsakiyar Mayu 1985

Tabawa 'yar Yakuba,

Ki karanta wannan a zaune, ki karanta sau biyu. Ba wasa nake ba. Na rantse da Allahn da ya halicce ni, na rantse da kabarin kakata, ba wasa nake ba.

Abin da ke jikin hatsin nan ba toka ba ce. Guba ce. Maganin iri ne na wajenmu, sabon da aka kawo bana, shi ba ja ba ne, fari-fari ne. A buhunan asali akwai hoton ƙoƙon kan mutum, su ne na cire da hannuna. Wanki ba ya fitar da shi, ya riga ya kama ƙwayar. Wani a Gwadabawa ya ba kajinsa tsintuwar ƙasan buhu, kafin la'asar ba wadda ta rage.

Kada ki daka. Kada ki ba dabba dusarsa. Ki fitar da yaran nan daga ɗakin yau, ki sa kwaɗo, ki rataya makulli a wuyanki. Duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu.

Na so in rubuta miki sunan abin ƙarara tun farko. Sai na tuna kin ce ana buɗe wasiƙu, na ce in jandarma ya ga kalmar guba da buhu goma a takarda ɗaya, ke da Hamidu kun shiga uku. Na ce bari in faɗa yadda muka saba magana, za ta gane. Tun da na karanta amsarki abinci bai wuce mini ba. Asma'u ta ce in bar zagaye tsakar gida, ina tayar wa yara da hankali.

Hamidu na lodi a Ƙonni gobe, na aika a ba shi hannu da hannu. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne, ki ce kin ji.

Mamman

Yamai, makon farko na azumi

Mamman,

Ina gaisuwa, ya ibada? Shiru ban ji daga gare ka ba, ko ka yi fushi don na kama ƙaryarka? Hamidu ma ban gan shi ba. An ce soja sun tare motoci a Ƙonni sun sa su kai taimako arewa, tasa na ciki. Wannan wani mai tumatir zan ba.

Abin da nake tsoro ya faru. Ranar Litinin da hantsi mota ta tsaya ƙofar gida, soja huɗu da wani kapitan. Suka wuce kai tsaye ɗakin, ba su ko tambayi hanya ba, ka ga an riga an gaya musu. Suka yaye tabarmi.

Kapitan ya ce, "Hajiya, mutane na mutuwa, ke kina kwana kan hatsi?"

Na ce iri ne, na ƙungiyar mata ne, na furoje ne. Ya ce ina takarda. Na ce Madam ta tafi haihuwa. Sojan da ke bayansa ya yi dariya.

Ya ce, "Daga ina ya fito?"

Mamman, na ga kurkuku da idona a wannan tambaya. In na ce Najeriya, ga laifin ɓoyewa ga na fasa-ƙwauri, kuma sai sun nemi wanda ya ɗauko. Na ce na gonar mijina ne, na shekarun baya, shi ya sa na zuba toka. Ya daɗe yana kallona. Sai Allah ya sa Kadi ta fito ta riƙe zanena. Ya dube ta, ya dubi Zeinabu, ya ce wa na bayansa ya rubuta cewa Hajiya Tabawa ta ba da buhu goma sadaka don masu gudun yunwa. Ya ce mini, "Haka aka yi, ko ba haka ba?" Na ce haka aka yi. Ya bar mini rabin buhun nan saboda yara.

Sun kai wani mangaza nasu inda ake tara abin da aka karɓe. An ce za a raba wa mutanen sansani gaba ɗaya kafin Sallah, gaban manya.

Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Ban san da wane ido zan dubi matan Yantala ba, ga wahalarka ta tafi a banza, ga Turawa za su ce mun ci amana. Amma da na natsu na ce Alhamdulillahi. Ina ɗakina, ba a taɓa Hamidu ba, sunanka bai fito ba. Hatsin kuma ba ɓarawo ya ɗauka ba, cikin yunwatattu zai shiga, a watan azumi. Wataƙila ladan ya fi na shukar.

Masarata ta kusa ƙarewa. Tun da ba sauran abin rabawa, in ta ƙare zan surfa wannan rabin in yi wa yara kunu mai kyau. Ka ce wa Asma'u ta sa mu a addu'a.

Tabawa

Illela, tsakiyar azumi

Tabawa,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasiƙarki ta mai tumatir ta same ni, na gane tawa ba ta same ki ba.

HATSIN NAN GUBA NE. Wanda ke ɗakinki da wanda soja suka ɗauka, duka. Ba toka ba ce. Duk wanda ya ci zai iya mutuwa, yaro ma ba sai ya ci da yawa ba. Ban damu da wanda zai buɗe wannan takarda ba. In jandarma ne ke karantawa, don Allah ɗan'uwa ka kai ta da kanka, Talladjé, gidan Tabawa mai albasa.

Na gwada zuwa. Shekaranjiya bayan asuba na bi hanyar daji, sojanmu suka kama ni dab da iyaka. Ƙafar nan ta hana ni gudu. Sun yi mini abin da suke yi, suka ce in sun sake ganina sai Sakkwato. Yanzu ko masallaci sai an riƙe ni. Na aiki ƙanen Asma'u gidan waya na Ƙonni, aka ce wa zai kira, ke ba ki da waya, ofishin Turawan kuma ba mai ɗauka.

Buhu goma, Tabawa. Na zauna ina ƙiyasta tukunya nawa ke nan, na kasa ƙarasawa. Ni na juye buhunan nan, ni na mayar da maganar rai wasa. Ban san abin da zan ce ki yi ba, na san abin da zai same ki in kin buɗe baki. Ki ce ni ne. Ki ba su sunana da na unguwata.

Wannan na ba wata tsohuwa mai kai goro, ta ce ba a laluben ta.

Mamman

Yamai, Laraba, cikin goman ƙarshe

Mamman,

Na ji. Wasiƙunka biyu sun same ni yau, Hamidu ya dawo daga arewa da ta farko a aljihu, tsohuwar goro ta ba shi ta biyu a tasha. Ina sauri, ka yi haƙuri da rubutun.

Da ya miƙo mini na fara murmushi, ina jiran in ga da wane zagi ka buɗe. Sai na ga ka rubuta Tabawa 'yar Yakuba. Tun da nake ba ka taɓa kirana da sunan ubana ba.

Mamman, da safen nan na surfa. Tiya biyu. Na wanke, na shanya a tabarma, na ba tunkiyata ƙasarin kamar kullum. Na jefar da takardar na ruga bayan ɗaki, na tarar da ita kwance tana shure-shure, kumfa a baki. Na ƙwala wa Zeinabu kira na ce wa ya taɓa hatsin nan. Manyan biyu suna makarantar allo. Kadi ce ke zaune gindin turmi, tana sa yatsa tana lasa.

Hamidu ya ɗauke mu a motarsa har gidan likita. Ta yi amai a hanya, ta yi a can, sun sa mata ruwa. Likitan ya ce kaɗan ta lasa, yana sa rai, amma sai an ga gobe. Da Zeinabu ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo na kwashe na tabarma da na buhu, na kulle. Na tambayi mai unguwa yaushe ne rabon sansani, ya ce gobe Alhamis da safe, har an kafa rumfa.

Na zauna bakin gado na yi tunanin yin shiru, Allah na gani na yi. Na ce ba wanda ya sani, takardarsu ta ce sadaka na bayar, in wani abu ya faru za a ce zawo ne, sansanin kullum ana binne mutane. Na kai minti nawa a haka ban sani ba. Sai na ga ɗan kwanon Kadi a ƙasa.

Zan tafi yanzu, kafin la'asar. Na ɗauki mai amalanken jaki, za mu ɗora tunkiyar, don na san in na je da baki kawai za su ce dabara ce ta karɓar kayana. Mamman, tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Sunanka ba zan faɗa ba, na Hamidu ma haka, kada ka sake rubuta wannan shirmen. Na ƙone wasiƙunka. Makullin rumfata na wurin Lami maƙwabciyata, zanen Asma'u na cikin akwatin ƙarƙashin gado, shuɗin ne.

In ka ji shiru, ka yafe mini abin da na yi maka tun muna yara.

Tabawa

Yamai, bayan Sallah da mako biyu

Zuwa ga ɗan'uwana Mamman,

Ina gaishe ka, ina gaida Asma'u. Ya jikinka? Ina gida. Kadi ta tashi, tana cin abinci, sai dai hannunta na ɗan rawa in ta ɗauki kofi, likita ya ce mai yiwuwa ya bari. Zeinabu ta koma gidan wasu 'yan garinsu a Yantala. Ta zo ta gaishe ni da na fito, a tsaye.

A ƙofar mangaza sun hana ni shiga. Na zauna a ƙasa kusa da tunkiyar, ƙuda na bin mu, har kapitan ya fito. Na ce hatsina guba ne, kada a raba. Ya ce, "Hajiya, kin yi sadaka kuma kin dawo karɓa?" Na nuna tunkiya, ya ce tumaki nawa suka mutu bana ba su ci hatsinki ba. Ya juya zai shiga. Sai na ɗaga murya, gaban yaransa duka, na ce ƙarya na yi masa, ba na gonar mijina ba ne, daga Najeriya ya shigo ta daji, maganin can ne a jikinsa shi ya sa ba ja ba ne.

Ya tsaya. Ya ce, "Kin san abin da kika faɗa?" Na ce na sani. Ya ce, "Ba mai sa kansa a wannan rami don buhu goma." Ya sa aka sauke lodin da aka riga aka yi.

Sun tsare ni, a can na yi Sallah. Abin da aka tambaye ni da yadda aka tambaya, bari sai mun haɗu. Na ce mai raƙumi ne ban san sunansa ba, na tsaya a nan. Daga baya sabon Baturen furoje ya iso da takardar izinin nan, ashe tun watan Afirilu tana kan teburin wani. Ita ta fitar da ni. Ya ce tallafin bana ya ƙare a haka, na baɗi sai sun yi shawara. Hatsin an haƙa rami an binne, ina tsaye.

Ga abin da ke hana ni barci. Buhunan albasarka ba su da wuyar ganewa, an ware su gefe, kapitan ya ƙirga da kansa. Tara ne. Ya sake ƙirgawa, ya tara yaransa ya ce wanda ya ɗauki ɗaya ya faɗa, ba abin da za a yi masa. Ba wanda ya motsa. Ni ma da ni ce ba zan yarda da wannan alkawari ba. Na roƙe shi a sa sanarwa a rediyo, ya ce in je in gaya wa rediyo cewa abinci ya ɓace a hannun soja, in ga wanda zai karanta.

To, ni ce rediyon. Kullum kafin in buɗe rumfata sai na zaga masu hatsi na Petit Marché, in sa hannu a kowace tasa, in murza, in duba tafina. Na gaya wa matan ƙungiya, na gaya wa masu surfe, duk wadda ta ga hatsi mai ƙwaya cike da farar ƙura ta zubar. Wasu sun fara cewa tsarewa ta taɓa mini kai. In na ji an yi rasuwa a wata unguwa sai na tambayi me suka ci. Wataƙila ma buhun ba ya Yamai, wani yaro ya aika wa uwarsa ƙauye don Sallah.

Wasiƙarka ta jiya ta zo, na karanta. Ba zagi ko ɗaya, kamar daga buro. Na gane, ni ma na ɗauki alƙalami in ce maka malalaci hannuna ya ƙi. Ka bar cewa kai ne. Kai ka faɗa, ni na yi dariya.

Ruwa ya sauka shekaranjiya, mai yawa, har ya shiga ɗaki. Unguwa duk ta fito, yara na tsalle a ciki, matanmu sun tafi gona da ɗan abin da suka samo a hannun dangi. Ni na tsaya bakin ƙofa ina roƙon Allah ya sa buhun nan a hannun manomi yake.

Kai ka fi ni sanin manoma, Mamman. Ka gaya mini gaskiya, ba da wasa ba. Mutum na da buhu guda, ƙasa ta jiƙe, yaransa na kuka. Shukawa yake yi, ko dakawa?

'Yar'uwarka,
Tabawa